Karta da Ɓeraye: Yadda Yawa Ya Zama Makami

Yau zancen karta za mu yi, amma kada kowa ya tsorata, ba ta caca ba ce. Na san a nan Zamfara, tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999, da an ce karta sai a ɗaure fuska. Mu ma a 'Yankuzo a ɓoye muka koyi Whot.

Wadda nake nufi sunanta Magic: The Gathering. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya ƙirƙiro ta, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da ita a 1993. Bambancinta da Whot shi ne, ba a raba wa kowa daga tuli ɗaya. Kai za ka sayi katunanka, ka zaɓa, ka haɗa rundunarka, sannan ka zo a kara. Kun ga ke nan mai kuɗi ya fara da rinjaye.

To, a bugun farko akwai wani kati mai arha, Plague Rats, wato ɓerayen annoba. Shi kaɗai ba ya tsinana komai. Amma ƙarfin kowane ɓera yana daidai da adadin irinsa da ke fili: in uku ne, kowanne ƙarfinsa 3, in sun kai 10, sai dai ka yi ta kanka. Duk wanda ya taɓa buɗe rumbun gero da bazara ya tarar da ƙaiƙayi, ba sai an yi masa bayani ba. Lokacin babu iyaka kan yawan kati iri ɗaya, sai wasu suka riƙa cika tulinsu da ɓeraye zalla.

A 1994 dokar gasa ta zo: tuli kada ya gaza kati 60, kuma kati iri ɗaya kada ya wuce 4. Ba ɓeraye kaɗai aka nufa ba, amma su ta fi gurguntawa. Ɓera huɗu me za su yi?

Sai bayan shekara 10, a 2004, kamfanin ya fitar da Relentless Rats, aka rubuta a jikin katin cewa dokar huɗun ba ta hau kansa ba. A 2018 aka ƙara Rat Colony a kan wannan tsari. Ni wannan ne ya fi burge ni: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, har masu dokar suka buɗe masa ƙofa da hannunsu. Abin dariya kuma, da mutum ɗaya ya koma neman 20 ko 30, katin talakan shi ma ya fara tsada.

Sai dai tulin yana da lago. Akwai katunan da ke share fili gaba ɗaya, kuma wanda ya zuba duk ɓerayensa a karo ɗaya, hannunsa wayam. Na ga irin haka da idona a wani taron matasa da muka shirya: mun cika fili, kalma ɗaya daga sama ta watsa mu, washegari ko mutum biyar ba mu iya tarawa ba. Shi ya sa gwanayen wasan ke riƙe ɓera biyu ko uku a hannu, su kuma tanadi katin da ke dawo da waɗanda suka mutu.