Magen Gidanmu da Tarihin Probayotik



Watan jiya magen gidanmu ta ji rauni a ƙafa, likitan dabbobi ya ɗora ta kan antibayotik. Rauni ya warke, sai ga zawo, har ta rame. Likita ya ce maganin bai san na gida ba, bai san baƙo ba: ya kashe bakteriya masu cutarwa, ya haɗa da masu amfani da ke cikin hanji. Ya rubuta mata probayotik, wato bakteriya masu amfani da ake ba ta da ransu. Wannan ya sa na bi diddigin abin.

A 1907, Élie Metchnikoff, masani ɗan Rasha da ke aiki a Cibiyar Pasteur ta Paris, ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da nono mai tsami da suke sha. Kun ga kenan, dangin kindirmonmu ne. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan Jamus Alfred Nissle ya ware wata bakteriya daga bayan-gidan wani soja da zawo bai kama ba, alhali ya kwantar da abokansa. A 1923 kuma Bafaranshe Henri Boulard ya samo wani yis a ɓawon 'ya'yan itace a kudu maso gabashin Asiya. Da yake yis ne, antibayotik ba ya kashe shi.

To ina dabbobi suka shigo? A 1973, Nurmi da Rantala a Finland suka ba 'yan tsaki abin da ke cikin hanjin manyan kaji masu lafiya, sai Salmonella ta kasa samun wurin zama a cikinsu. Masu amfanin sun riga sun cika wurin.

Amma don Allah kar wani ya ji wannan ya ɗura wa magensa madara. Yawancin manyan kyanwoyi ba sa narkar da ita sosai. Nawa likitan cewa ya yi in bar tazarar sa'o'i tsakanin magungunan biyu.

Abin da ya fi damuna, matasa, shi ne yadda muke shiga kemis mu sayi antibayotik ba takardar likita, mu sha, mu ba kaji, mu ba mage. A haka bakteriya ke koyon bijire wa magani, ranar da za mu buƙace shi da gaske ya ƙi aiki.

Magen dai ta koma satar kifi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.