Allurar Cikin Ido da Hanyar Sabon Birni

A 2025 aka cika shekara 20 da wani likita a Miami ta Amurka, Philip Rosenfeld, ya tsira maganin kansar hanji mai suna Avastin cikin idon mara lafiya. A Sabon Birni da Isa kuwa, gardamar da ake yi har gobe ita ce ta tsohon da aka cire wa yana amma bai gani ba. Wasu su ce likita ne ya ɓata idon, wasu su ce jifa. Sau da yawa ɓarnar tana can ciki, a tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, wanda likitoci ke kira ratina.

Ciwon tantanin nan da mutanen dā suka iya wa shi ne dundumi: magariba na yi, yaro ya kama laluben bango. Misirawa da Girkawa sun yi maganinsa da hanta. Sauran sai haƙuri, don ba wanda ya leƙa bayan idon mai rai sai 1851, da Helmholtz na Jamus ya ƙera madubin leƙawa. A 1949 wani likita mai suna Meyer-Schwickerath ya jawo hasken rana daga rufin asibitin Hamburg ya ƙona wurin ciwo da shi, har hadari kan hana shi aiki. Daga baya leza ta karɓa.

Leza ta ceci masu ciwon suga, amma ta sha wuya da lalacewar tsakiyar ratina ta tsufa. Mai ita yana ganin ƙofa da bango, fuskar jikansa ce ba ya gani, layin rubutu kuma ya karkace masa. A nau'in mai tsanani, jijiyoyin jini ne ke tsirowa inda bai kamata ba suna yoyo. In an ƙona su, an haɗa da ganin. A 1989 Napoleone Ferrara na kamfanin Genentech ya ware sinadarin da ke tsirar da su, kamfanin ya fitar da Avastin mai toshe aikin sinadarin a 2004, sai Lucentis na ido a 2006. A lokacin, allurar Lucentis ɗaya kusan dala 2,000, ta Avastin kusan dala 50. An yi ta ja-in-ja har binciken gwamnatin Amurka na 2011 ya nuna aikinsu ɗaya ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mai arahar cikin magungunan dole.

To me ya hana allurar isa Gobir? Wasu na cewa ciwon Turawa ne. Akwai ƙamshin gaskiya: ya fi kama fararen fata, kuma binciken makanta na Najeriya na 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce ke da kashi 43 cikin ɗari, hawan jinin ido kusan 17. Amma suga da hawan jini da sikila duk suna cin ratina, kuma gidajenmu cike suke da su. Wasu su ce tsada, ni kuwa na fi ɗora laifin a kan hanya. Aikin cire yana sau ɗaya ne, shi ya sa ayarin likitoci kan zo su yi kwanaki su tafi. Allurar nan da farko wata-wata ake yin ta, cikin tsafta mai tsanani, bayan an ɗauki hoton ido. Sai mutum ya nufi Sakkwato, ko ya zarce Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko asibitin ECWA na Kano da ke aiki tun 1943. Wane ɗa ne zai ɗauki mahaifinsa duk wata a hanyar da 'yan bindiga suka ƙona matafiya cikin mota a Disambar 2021?

Shi ya sa nake roƙon a ajiye kyamarar ɗaukar hoton bayan ido a babban asibitin Isa da na Sabon Birni, a koya wa ma'aikatan jinya aiki da ita, a riƙa tura hoton Sakkwato ta waya, kada a ɗora tsoho a mota sai likita ya duba ya ce allura za ta yi masa amfani.