Yadda kwamfuta ke bin sawun cutar mantuwa a ƙwaƙwalwa

A unguwannin cikin birnin Kano, idan dattijo ya fara ɓatan hanya tsakanin gida da masallaci, akan ce gigin tsufa ne.

Sai dai likitoci sun ce sau da yawa wannan cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda mafi yawan nau'inta shi ne Alzheimer.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa a shekarar 2021, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici.

Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya gano cutar a jikin kusan kashi 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba a Zariya.

Tushen matsalar

Furotin sinadari ne da tilas ya naɗe a wata siffa kafin ya yi aikinsa a jiki.

A cutar Alzheimer, wasu furotin biyu, amiloid da tau, sukan naɗe ba daidai ba, su dunƙule, sannan su gurɓata lafiyayyun da ke kusa da su.

A 1991 masana biyu na Jamus, Heiko Braak da Eva Braak, sun nuna cewa tau yana yaɗuwa mataki-mataki, yana farawa daga sashen da ke kula da tuna abubuwa.

Aikin kwamfuta

Masana sukan zana taswirar jijiyoyin da suka haɗa sassan ƙwaƙwalwa, kamar yadda lunguna suka haɗa unguwanni da kasuwar Kurmi.

Daga nan kwamfuta ke lissafa inda gurɓataccen furotin zai bi cikin shekaru masu yawa.

Ashish Raj da abokan aikinsa a Amurka sun fitar da irin wannan lissafi a 2012, kuma ya yi daidai da wuraren da ƙwaƙwalwar marasa lafiya ke ƙanƙancewa.

A 2023 masana lissafi na Jami'ar Oxford sun haɗa yaɗuwar furotin da saƙonnin lantarki na ƙwaƙwalwa.

Lissafin nasu ya nuna cewa jijiyoyi kan yi aiki fiye da kima da farko, kafin su yi sanyi, kamar yadda ake gani a gwajin marasa lafiya.

Fatan shi ne a riƙa gano cutar da wuri ta hanyar awon lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda ya fi hoton PET araha.

Amma akwai giɓi, domin galibin bayanan da ake bai wa kwamfutocin daga Turai da Amurka suke.

Binciken Ibadan da Indianapolis, wanda aka soma a 1992, ya nuna cewa cutar ba ta kama Yarbawa kamar yadda take kama baƙar fatan Amurka.

Don haka sai an tattara bayanan marasa lafiya na gida kafin a san ko lissafin ya dace da tsofaffin Kano.