Auren kakanni a cikin rajistan majami'a

Da yawa cikinmu in mun ɗauko takardar haihuwar kakanmu, abin da muke gani shi ne "né vers 1920". Babu rana, babu wata. Takarda ce da aka yi a gaban alƙali bayan mutum ya girma, shaidu biyu suka kimanta shekaru. To amma wanda ke da kaka ko kakan kaka ɗan Katolika, yana da wata ƙofa: rajistan aure na majami'a.

Al'adar ta daɗe. A 1563, babban taron Katolika na Trento, a Italiya, ya wajabta wa kowane limamin majami'a ya ajiye littafi ya rubuta sunan ango da amarya, da shaidu, da rana da wurin ɗaurin aure. A 1907 aka ƙara da cewa a rubuta labarin auren a gefen sunan mutum cikin littafin baftisma. Wannan ƙarin ya fi komai amfani gare mu. In littafin aure ya ɓata ko gara ta ci shi, na baftisma zai iya gaya mana inda aka ɗaura auren da kuma wa aka aura.

A nan Nijar, kada mu sa ran shekaru ɗaruruwa. Mishan Katolika ta Yamai, Fada François Faroud ya kafa ta a 1931. Mabiyan farko, galibinsu ma'aikata ne daga Dahome da Togo, akawu da malaman lakwal da masu sana'a da suka zo aiki lokacin Nasara. Shi ya sa in auren ya girmi 1931, gara a waiwayi Wida ko Porto-Novo, domin mishan ta sauka a Wida tun 1861. Dangin 'yan SIM kuwa, waɗanda suka fara aiki a Damagaram a 1924, hanyarsu dabam ce, sai a tambayi dattawan majami'arsu.

Ina za a fara? A gida, wurin tsofaffi. A samo sunan garin da aka yi auren, da shekarar ko da kimantawa ce. Sannan a je majami'ar garin, a ga sakatare ko limami. In ba a dace ba, sai ofishin bishop: tun 2001 Maraɗi ke riƙe da Damagaram, Tawa, Agadas da Diffa, Dogon Dutsi da Doso kuwa suna wajen Yamai.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne suna. Kakar da muka sani da Hadiza ko Tabawa, a littafi tana iya zama Marie ko Thérèse, sunan ubanta kuma an rubuta shi yadda kunnen Bafaranshe ya ji. Wanda ya je da sunan gida kaɗai, sai ya dawo yana cewa babu, alhali tana nan a shafin. A duba sunayen shaidu ma, sau da yawa kawu ne ko maƙwabci da tsofaffi za su gane.

Kuma a gaggauta. Mun ga abin da ya faru a Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Takarda ba ta jure wuta, ba ta jure ruwan damina. In an ba ku izini, ku ɗauki hoton shafin da waya, har da bangon littafin da lambar rajistan, ku tura wa dangi.