Shafin Farko na Littafin Kakata

Gadon da ya faɗo mini daga kakata bai cika kwando ba: zanen Zumuntar Mata guda biyu, tulun da take bugawa a wurin sujada, da Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya rabu da jikinsa, aka ɗinke da zaren buhu. A fararen shafukan farko ta jera haihuwa da mutuwar gidanmu na shekara sittin da 'yan kai, da rubutu mai karkata kamar dawa bayan iska. Na yi digiri a fannin tarihi, na sha karanta labarin 'Yandoto da malamanta da sarautar 'Yandoton Tsafe, amma ban ci karo da irin mutanen Kaka a littattafan ba sai a gefen magana. Wannan ne ya sa na ɗauki shafukan nata a matsayin madogara.

An haife ta a wani ƙauyen Maguzawa da ke tsakanin Tsafe da Kwatarkwashi. Ba ta san shekarar ba. Abin da take faɗa shi ne ta buɗe ido ta tarar jirgin ƙasa na bi ta Tsafe, daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, yana kwasar gyaɗa da auduga, kuma wannan layi ya kai Ƙaura tun 1929. Da na auna da shekarar aurenta, sai na ajiye haihuwar a ƙarshen shekarun 1930.

Kiristanci ya shigo gidansu ta ƙofar cuta. Kuturta ta kama mahaifinta, aka kai shi Amanawa kusa da Sakkwato, ɗaya daga cikin asibitocin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato waɗanda mishan ɗin SIM ta karɓi kula da su a ƙarshen shekarun 1930. Ya daɗe can. Ya dawo da yatsu bakwai da iya karatun boko, abin da babu mai shi a ƙauyen. Wasu masana kan ce irin wannan tuba cinikin magani ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ban ga yadda ciniki zai sa mutum ya zaunar da 'yarsa a gindin rumbu yana zana mata baƙaƙe a ƙasa da dungun hannu ba. Cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta fito a 1932, da ita Kaka ta koyi karatu, shi ya sa har ta tsufa Hausar addu'arta ta bambanta da Hausar kasuwarta.

Layin farko da ta rubuta na 1957 ne, haihuwar ɗanta na fari, shekara uku bayan ikilisiyoyin SIM sun tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. A tsakanin 1963 da 1965, lokacin da Sardauna Ahmadu Bello ke rangadin musuluntar da Maguzawa, yayanta da ƙannenta biyu suka musulunta. Gida ya rabu biyu. Ta yi fushi, ta kuma yi shekara guda ba ta taka gidan yayan ba (ita da bakinta ta faɗa mini, ba ta ƙawata kanta ba). Amma shafin ya nuna abin da ya biyo baya: daga 1966 sunayen 'ya'yansu Musulmi suka fara shigowa cikin jerin, layi bisa layi da na nata. Da Sallah a kawo mata nama, da Kirsimeti ta sa Musulmi ya yanka akuyar don kowa ya ci.

Ba mace ce mai sauƙin zama ba. A shekarun da ta yi tana Uwar Zumunta, matar da ta makara taro ta san abin da ke jiranta. Asuba ta fari take tashin jikoki addu'a, ko sanyin hunturu na tsaga leɓe. A fārin 1973 da 1974 kuwa, layuka uku na shafin mutuwar yara ce, biyu daga ciki nata. Dattawan da na tambaya sun ce ita ta tsara matan majami'a su riƙa zuba gwangwanin hatsi kowace Lahadi, ana dama kunu a raba wa unguwa ba a tambayi addinin mai ƙwarya ba.

Sunana yana a layin Janairun 2000, watan da shari'ar Musulunci ta fara aiki a Zamfara bayan shelar Gwamna Ahmad Sani a Gusau a Oktoban 1999. Kiristoci da dama waɗanda asalinsu na wasu jihohi ne sun tattara sun tafi. Kawuna ya zo da mota daga Kaduna. Ta ce masa, "Ɗan nan, baƙo ke da inda zai koma. Cibiyata a nan aka binne ta." Aka bar ta.

Abin da tsoron wancan lokaci bai yi ba, 'yan bindiga suka yi. Bayan an kore shanun ƙauyen an ƙone rumbuna, sai ta yarda aka dawo da ita cikin garin Tsafe, ɗaki ɗaya na haya, nesa da kabarin mijinta. Ta rasu a Satumban 2021, makonnin da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Ina Zariya a lokacin, sai bayan kwana huɗu wani direba ya kawo mini saƙo a takarda. Jikokin yayanta ne suka haƙa kabarin, suka ja gefe fasto ya yi nasa.

Ranar rasuwarta babu ita a shafin, domin mai rubutun ce ta tafi. Na tambayi mutum uku, biyu suka ce Talata, ɗaya ya ce Laraba. Na rubuta watan da shekarar da fensir, na bar gurbin ranar.