Kunun Jinya a Jalingo

Tun da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo a 1893, abincin majinyaci a gidajenmu bai wuce kunu ba. Fulani suka zo da nono, Mumuye na da doya da dawa, fadamun Binuwai wajen Lau suka ba da shinkafa da kifi. Gyaɗa kuwa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, amma ita ta zama sarauniyar tukunyarmu: kunun gyaɗa.

Kakanninmu sun tsara jinyarsu ne don zazzaɓi da jego. Mutum ya kwanta mako guda, a dama masa kunun tsamiya ko na kanwa, a bi shi da farfesu mai yaji ya yi gumi, ya miƙe. Ciwon daji ya zo da wani hali. Ko bayan 1991 da garin ya zama hedikwatar Taraba, mai neman gashi da na'ura sai ya nausa Zariya ko Abuja, ƙarin ruwan kemo kuma wata da watanni ake yinsa.

A jinyar goggona mai ciwon daji na ga inda al'adar ta gaza. Maganin ya fasa mata baki da gyambo, nama ya koma mata ɗanɗanon ƙarfe, ƙamshin suya kaɗai na tayar mata da zuciya. 'Yan dubiya na ta shigowa da kwanon farfesu suna cewa, "Daure ki ci, Hajiya." Niyyarsu kyakkyawa ce, amma barkono da tsamiya wuta ne a bakin da ya ɗaye. Nonon da ba a tafasa ba ma likita ya hana, domin kemo na karya garkuwar jiki.

Kunun gyaɗa ne ya riƙe ta. Muka tsince gyaɗar tsaf, don mai funfuna guba ce ga hanta, muka cire tsamin, muka ƙara madara. Sai ya huce take sha, ludayi biyu yanzu, biyu anjima. Ran da ta ji dama, dafaffen ƙwai ko faten doya da kifi ba yaji.

Masu hana majinyaci ƙwai da nama wai suna ciyar da ciwon, su ji tsoron Allah. Jikin da ya rame ba ya jure magani. Kafin ku ɗora tukunyar dubiya, ku tambayi majinyacin abin da bakinsa zai iya karɓa.