Sanin al'ada

Sanin al'ada (suna, namiji). Ilmin da ya wajaba ga ma'aikacin jin daɗin jama'a, tun yana ɗalibi har ya kama aiki, na fahimtar ɗabi'un mutanen da yake yi wa hidima, wato abin da malaman fiƙihu ke kira urfi, domin kada ya hukunta su da ma'aunin garinsu. A Tudun Wadan Zariya, inda baƙi daga sassan Arewa suka zauna tun zamanin Turawa, mai wannan sani yakan yi sallama a zaure ya jira izinin maigida, kuma idan uwa ta ƙi ambaton sunan ɗanta na fari ya san alkunya ce, ba zai rubuta ta cikin masu sakaci ba. Amma sani ba ya nufin yarda da kome, gama likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun bayyana, a shekarun 1970, alaƙar wankan jego da kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. A nan hikima ita ce a soma lallashin kaka, mai ikon tukunyar ruwan zafi. Misali: “Malama, rashin sanin al'ada ya hana shi shiga gidan.”